Tsoho da Sabo a Dandamali: Wane Wasan Hausa Ya Cancanci Shiga Zango Mai Zuwa?

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce ta gidajen wasan kwaikwayo masu zaman dindindin su fitar da jerin wasannin da za su nuna kafin a shiga sabon zango, kuma sau da yawa jerin yakan haɗa tsofaffin wasannin da suka yi suna da sababbin da ba a taɓa gani ba. A Nijeriya ma an san wannan tsari. Alal misali, ƙungiyar Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a Jos cikin 1997, ta yi fice da bikin wasanni inda aka riƙa jera ayyukan mashahuran marubutan ƙasashen waje tare da na sababbin marubutan gida, galibinsu da Ingilishi. Hikimar tsarin a fili take. Tsohon wasa shi ke jawo 'yan kallo domin sun san sunansa, sabon wasa kuwa shi ke hana gidan wasa ya koma ɗakin ajiye kayan tarihi.

Da wani gidan wasa a Kano ko Zariya ko Sakkwato zai tsara zangonsa mai zuwa da Hausa zalla, matsalar farko da zai ci karo da ita ita ce ta zaɓe. Sunayen tsofaffin wasanni suna nan a bakin duk wanda ya yi Hausa a sakandare, amma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka karanta su suka taɓa ganin an aiwatar da su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa manhajar makaranta ce ta ba rubutattun wasannin Hausa matsayin da suke da shi a yau, dandamali bai riga ya yanke nasa hukuncin ba. Za a ɗora shida daga cikin waɗannan wasanni a kan ma'aunin aiwatarwa, sannan a duba irin sabon wasan da ya kamata a ajiye kusa da su.

2.0 Yadda Tsofaffin Wasanni Suka Sami Matsayinsu

Tarihin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, kamar yadda Yahaya (1988) ya bi diddiginsa, ya faro ne daga hannun ma'aikatan ilimi. Littafin farko shi ne Six Hausa Plays na R. M. East, wanda aka shirya domin 'yan makaranta. Bayansa aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949), da Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960) na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada (1968), da Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano (1969), da Bora da Mowa na U. B. Ahmed (1972), da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979), da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan (1980). Hukumomin da suka buga mafi yawansu a Zariya, tun daga Hukumar Fassara har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, babbar kasuwarsu makarantu ce. Saboda haka wasan da ya shiga manhajar jarrabawa shi ake ta sake bugawa, wanda bai shiga ba kuwa sai ya ɓace daga kanti.

Wannan ya haifar da wata al'ada a fagen nazari. An saba a ɗauki wasa a fitar da jigonsa, a warware shi, a duba zubi da tsari da salon sarrafa harshe, a jera taurari, daidai yadda ake yi wa ƙagaggen labari. Irin wannan nazari yana da amfaninsa, sai dai ba ya tambayar abin da ɗan wasa zai yi da jikinsa a lokacin da abokinsa yake doguwar magana, ko abin da zai hana ɗan kallo tashi bayan fitowa ta uku.

Idan aka waiwayi Yarabanci za a ga wata hanyar daban. Ƙungiyoyin Hubert Ogunde da Kola Ogunmola da Duro Ladipo sun yi ta yawo da wasanninsu gari-gari, kuma wasa irin Oba Koso ya riga ya sami karɓuwa a gaban jama'a kafin manazarta su riƙe shi a takarda. Wato a can 'yan kallo ne suka fara zaɓe, makaranta ta biyo baya. A Hausa kuwa, ko da yake da yawa daga cikin wasannin sun taɓa fita a rediyo ko talabijin kafin a buga su, da zarar sun zama littafi sai aji ya karɓe su, ba a sami gidan wasan da zai riƙa maimaita su shekara bayan shekara ba.

3.0 Ma'aunin Aiwatarwa

Cewa wasa ya yi daɗin karatu ba ya tabbatar da zai yi daɗin kallo. Misali mafi kusa da manazartan Hausa shi ne Mutanen Kogo, fassarar da Ahmed Sabir ya yi wa wasan Ahlul Kahfi na Taufiƙ al-Hakim, marubucin Masar. Da aka buga asalin wasan a 1933 masana adabin Larabci sun yaba shi ƙwarai, har aka zaɓe shi ya buɗe ayyukan ƙungiyar wasa ta ƙasa a Alƙahira a 1935. Amma 'yan kallo ba su karɓe shi ba, domin tunani ya yi yawa, motsi ya yi kaɗan. Shi kansa marubucin daga baya ya sanya irin wannan wasa nasa cikin waɗanda aka fi rubutawa domin zuciyar mai karatu.

Don haka wannan maƙala za ta yi amfani da tambayoyi uku. Ta farko, akwai rikici a wasan wanda kowane ɓangare yake da hujjarsa, ko kuwa tun daga fitowar farko an san mai gaskiya da mai laifi? Ta biyu, idon ɗan kallo yana da aikin yi, ko kunne kaɗai ya wadatar? Ta uku, wasan yana da abin da zai tambayi jama'ar yau, ko ya riga ya gama aikinsa tare da zamaninsa?

4.0 Tsofaffin Wasanni a Kan Ma'auni

4.1 Wasan Marafa

Jigon wannan wasa shi ne tsabta da kiwon lafiya da amfanin ilimin zamani, kuma an rubuta shi a lokacin da hukuma take fafutukar wayar da kan mutanen karkara. Matsayinsa a tarihi ba abin musu ba ne, domin yana cikin na farko da ɗan ƙasa ya rubuta aka buga. Sai dai a kan ma'auni na farko wasan ba ya tsayawa, saboda jahilci ne a gefe guda, sani a ɗaya gefen, kuma babu mai shakkar wanda zai yi rinjaye. Wasan da darasi ne ginshiƙinsa yakan tsufa ranar da jama'a suka haddace darasin. Wurin da ya dace da Wasan Marafa shi ne dandalin makaranta da ɗakin karatun tarihin adabi. Gidan wasan da ya buɗe zangonsa da shi domin girmamawa kawai zai ga kujeru babu kowa a dare na biyu.

4.2 Jatau Na Kyallu

Labarin attajiri ne da ya auri karuwa duk da gargaɗin da aka yi masa, gidansa ya watse, dukiyarsa ta ƙare, magana ta kai gaban shari'a. Ƙarfin wasan yana cikin harshensa. Maƙarfi ya kama zancen kasuwa da na zaure da na cikin gida, da habaici da zambo da karin magana, ta yadda ɗan wasa ba zai sha wahalar sa su a bakinsa ba. Rauninsa kuma daga asalinsa ya fito, domin marubucin ma'aikacin rediyo ne, ya saba da mai sauraro wanda ba ya gani. Shi ya sa ake samun mai shela yana gabatar da abin da zai faru yana kuma sharhi a kansa, da dogayen hirarraki waɗanda mutane suke zaune kawai suna magana. A rediyo wannan dabara ce, amma a dandamali, inda gani ya kori ji, maimaici ne.

Duk da haka wasan ya cancanci shiga zango, da sharaɗi biyu. Na farko, a rage aikin mai shela, a bar masa abin da ido ba zai iya gani ba. Na biyu, a ba Kyallu mutuncin tauraruwa. Idan 'yar wasa ta fito da ita a matsayin mugunta tsantsa, wasan ya koma wa'azi. Idan kuwa aka bari ɗan kallo ya ga mace mai wayo wadda ta gane raunin namiji mai son a yabe shi, to laifin zai rabu biyu, kuma a nan ne rikicin gaskiya yake. Rubutun bai hana wannan fahimta ba, tun da ba a ɗaure Jatau aka kai shi ba, da ƙafarsa ya je.

4.3 Uwar Gulma

A cikin wasannin aure na wancan zamani, wannan ne ya fi kusa da cika sharuɗɗan uku. Hayatu miji ne mashayi, ɗan caca, mai wulaƙanta matarsa Halima, kuma kukanta yana bi ta hannun iyaye har zuwa gaban alƙali. Abubuwan da ke faruwa na gani ne: shigowar miji cikin dare, faɗa, yaji, zaman shari'a. Sannan tambayar da wasan ya ɗauko, wato ina macen da aka zalunta za ta kai ƙara a saurare ta, ba ta tsufa ba ko kaɗan.

Babbar dabarar wasan ita ce ita kanta Uwar Gulma. A zahiri aikinta ɗaya da na mai shela, domin tana tsaye a gefen labari tana sharhi. Bambancin shi ne sunanta ya riga ya zubar da amincinta. Mai shela muryar hukuma ce, ana karɓar maganarsa yadda ta zo, amma magulmaciya ana jin daɗin zancenta ana kuma tuhumarta. Mai ba da umarnin da ya fahimci wannan zai iya zaunar da ita a cikin 'yan kallo, ta riƙa magana daga tsakiyarsu, har su gane cewa unguwar da take kallon wahalar Halima tana dariya su ne. Da wannan kaɗai wasan 1968 zai zama na bana ba tare da an canza kalma ɗaya ba.

4.4 Kulɓa Na Ɓarna

Sunan wasan rabin karin magana ne, wanda cikonsa yake cewa jaɓa ake ɗora wa laifi. Alhaji Ruwan Ido ya ruɗi Zulai, 'yar makaranta, da kuɗi da kyauta, ta juya wa mai sonta baya, al'amarin ya ƙare mata da nadama. Marubucin ɗan wasan talabijin ne, don haka fitowarsa gajeru ne, zancensa kuma yana da sauri. Wasan ya riga ya nuna yana iya sauya sutura, domin Brendan Shehu ya mayar da shi fim a farkon shekarun 1990.

Hatsarin da ke cikin aiwatar da shi shi ne a manta da abin da sunansa yake faɗa. Irin Alhaji Ruwan Ido tauraro ne mai ban dariya, kuma ɗan wasa gwani zai iya sa jama'a su so shi, su bar yarinya da kunya ita kaɗai. Idan haka ta faru, dandamali ya aikata daidai abin da karin maganar take zargi. Wajibi ne dariyar da ake yi wa Alhaji ta riƙa raguwa daga kashi zuwa kashi, har ta kai inda ɗan kallo zai ji nauyin dariyar da ya yi a baya.

4.5 Shaihu Umar

Wannan ya sha bamban da sauran ta fuska biyu. Da farko, tushensa ƙagaggen labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne na 1934, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa aka buga a 1975, wato ya fito daga haɗin gwiwar masanin harshen da masanin dandamali. Na biyu, ya fita daga zauren aure ya shiga tarihi: harin bayi, makircin fada da ya kori Makau, sace yaro, ƙetare Sahara, da uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, an kuma gyara fim ɗin aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018.

Wasan yana da tsada, domin yana bukatar jama'a da yawa da kaɗe-kaɗe da tufafin fada da na Larabawa. Amma shi ne kaɗai a jerin nan da zai cika ido, kuma shi ne yake taɓa abin da adabin Hausa bai cika son taɓawa ba, wato bautar da aka yi a cikin gida. Matsalarsa ta fasaha ita ce tauraron da aka sa wa wasan sunansa ba ya zaɓar komai, ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, kuma yana ba da labarin ne bayan ya zama malami mai natsuwa a Rauta. Wadda take yanke shawara, ta bar gida, ta jure, ita ce uwar. Mai aiwatarwa da ya ɗora nauyin wasan a kanta zai sami abin tausayin da zai riƙe jama'a, wanda ya ɗora shi a kan Shaihu kuwa zai sami karatun zaure mai ado.

4.6 Daren Sha Biyu

Gidajen wasa na duniya sukan sa Shakespeare a zangonsu, kuma Hausa tana da nata rabon tun 1971, lokacin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night. Sunan kansa abin lura ne. A Ingila yana nufin dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti, daren shagali da juya al'amura. Kunnen Bahaushe Musulmi kuwa zai fi saurin kai shi ga daren sha biyu ga watan Rabi'ul Awwal, wato daren Mauludi. Gidan wasan da zai nuna shi dole ya warware wannan a sanarwarsa tun kafin a sayi tikiti.

Akwai masu ganin labarin budurwar da ta yi shigar maza ta shiga hidimar basarake baƙon abu ne ga Hausawa. Al'adar tashe ta ƙaryata wannan, domin a wasan Mairama da Daudu yarinya ce take sa tufafin namiji ta fito a matsayin miji, kuma babu mai ganin aibinsa tun da kowa ya san wasa ne. Haka kuma wulaƙancin da aka yi wa Malvolio, baran gida mai ɗaukar kansa da girma, ba ya nesa da abin da 'yan kama suke yi wa masu riya. Ke nan wasan zai zauna idan aka nemo masa kwatankwacinsa a cikin wasannin gargajiya, zai kuma faɗi idan aka tilasta wa 'yan wasa su kwaikwayi tafiyar Turawa da tsayuwarsu. Ola Rotimi ya nuna wannan hanya a Ife a 1968, lokacin da ya dasa labarin Oedipus a ƙasar Yarabawa.

5.0 Sabon Wasa: Daga Ina?

Rabin zango na biyu ya fi wuya. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ƙungiyoyin da suka saba hawa dandamali suka karkata ga bidiyo, daga baya kuma ga shirye-shiryen talabijin masu dogon zango irin Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015. Rubuta wasa domin bugawa bai tsaya ba, misali Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino (2009), sai dai shi ma sabon littafi hanyar manhaja ya fi bi. Gidan wasan da ya zauna jiran a kawo masa rubutun da aka riga aka gwada zai daɗe yana jira.

Akwai hanyoyi biyu da aka riga aka jarraba a ƙasar Hausa. Ta farko ita ce ta Jamhuriyar Nijar, wadda Beik (1987) ta bayyana. A can ƙungiyoyin wasa na garuruwa irin su Damagaram da Yamai sukan amince da ƙashin labari, su raba matsayi, kowane ɗan wasa ya gina maganarsa a wurin gwaji, kuma bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 ya ba su fagen gasa. Ta biyu ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka riƙa tura ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye su ji matsalolin jama'a, su gina wasa da su, su mayar musu. Duka hanyoyin biyu suna haifar da zance mai rai da ɗumin bakin jama'a. Rauninsu shi ne wasan yakan mutu ranar da aka tashi, domin ba a cika rubuta shi ba. Abin da gidan wasa zai ƙara shi ne ya zaunar da marubuci a wurin gwaji, ya riƙa ɗauka yana tacewa, ta yadda za a fita da rubutun da wata ƙungiya za ta iya ɗauka bayan shekara goma.

Game da abin da sabon wasa zai ƙunsa, akwai giɓin da jerin da aka kawo a sama ya bayyana da kansa. Mafi yawan wasannin a kan aure suke, kuma duk maza ne suka rubuta su. A fagen ƙagaggen labari kuwa mata sun daɗe da karɓar alƙalami, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980). Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne (1990), ya ɗauki kusan irin labarin Jatau Na Kyallu, wato magidanci ya auro mace mai zaman kanta ya kori uwargida, amma ya bi uwargidan, Rabi, ya nuna yadda ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar sayar da abinci. Da za a mayar da wannan littafi wasa, kamar yadda aka yi wa Shaihu Umar, a nuna shi mako guda bayan wasan Maƙarfi, 'yan kallo za su ga gida ɗaya ta ƙofa biyu, da tazarar shekara talatin tsakanin marubutan. Wannan shi ne amfanin haɗa tsoho da sabo: sabon ya amsa wa tsohon, tsohon kuma ya nuna inda aka faro.

6.0 Wasu Matsalolin Harshe da Wuri

Akwai abin da ya shafi masana harshe kai tsaye. Hausar wasannin 1959 zuwa 1969 cike take da fam da sule, da En'e da 'yan doka, alhali an sauya kuɗin Nijeriya zuwa naira tun 1973, tsarin mulkin gargajiya da na kotuna kuma ya canza. Wasu za su ce a sabunta waɗannan kalmomi domin matasa su gane. Wannan maƙala tana ganin a bar su. Ɗan kallo ba ya bukatar sanin darajar fam kafin ya gane cewa an yi almubazzaranci, fuskar ɗan wasa za ta gaya masa. Kuma idan aka mayar da fam naira aka bar sauran al'adun yadda suke, za a sami wasan da ba na jiya ba, ba na yau ba. Yanke abin da ya yi tsawo halal ne ga mai aiwatarwa, amma sauya zamanin wasa sabon rubutu ne, ya kamata a kira shi da sunansa. Haka nan karin harshe: ɗan wasan Sakkwato da aka tilasta wa Kananci zai rasa rabin gwanintarsa, don haka a bar daidaitacciyar Hausa ga littafi, a bar baki ya yi abin da ya saba, muddin matsayin da yake riƙe bai hana ba.

Ta fuskar wuri kuma, wasannin gargajiya irin su tashe da wasan gauta da kalankuwa a fili ake yin su, jama'a na kewaye, suna amsawa. Zauren da aka jera kujeru aka rataya labule yakan sa 'yan kallo su yi shiru kamar a aji. Dandalin da Steven Ehrlich ya zana wa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, wanda aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ya nuna ana iya samun wurin da ya dace ba tare da kashe dukiya mai yawa ba. Dabarar da aka ambata game da Uwar Gulma, alal misali, a irin wannan fili kaɗai za ta yi aiki sosai.

7.0 Kammalawa

An ga yadda rubutattun wasannin Hausa suka sami suna ta hanyar makaranta, aka kuma auna shida daga cikinsu da tambayoyi uku na aiwatarwa. Uwar Gulma da Shaihu Umar su ne suka fi cancantar riƙe zango, na farko domin tsarinsa, na biyu domin faɗin abin da ya ɗauko. Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna za su tsaya idan mai ba da umarni ya hana laifi taruwa a kan mace ita kaɗai. Daren Sha Biyu yana bukatar a nemo masa dangi a cikin tashe da wasan 'yan kama, Wasan Marafa kuwa aikinsa na aji ne. Wannan hukunci na takarda ne, kuma 'yan kallo suna iya rushe shi a dare ɗaya. Abin da ya rage ga sassan harsunan Nijeriya a jami'o'i shi ne su haɗa kai da sassan wasan kwaikwayo, a hau dandamali da waɗannan littattafai, a kuma rubuta abin da ya faru: inda aka yi dariya, inda aka yi tsit, da inda jama'a suka fara tashi. Sai an tara irin wannan shaida ne za a iya cewa ga wasannin da Hausawa suka zaɓa da kansu, a kuma san waɗanda za a danƙa wa sababbin marubuta su yi gogayya da su.